MAGARYA: ARZIKIN DA YA FITO DA KANSA A GONAKINMU

(Wannan jawabi ne da wani malamin gandun daji ya yi wa manoma a wajen wani taro da aka kira gabanin sharar gona. Mun kawo shi cikakke domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.)





Yau zan yi magana ne a kan wata itaciya wadda babu wanda bai san ta ba a cikinmu, wato magarya. Na zaɓe ta ne domin lokacin sharar gona ya matso. Nan da 'yan makonni kowa zai ɗauki gatari da adda ya nufi gona, kuma magarya tana cikin itatuwan da ake fara sarewa a tara a cinna musu wuta. Muna yi mata kallon ƙaya kawai. Roƙon da na zo da shi ɗaya ne: bana kafin mu sare magarya mu tsaya mu yi lissafin abin da take ba mu, sa'an nan mu bar wasu su girma.

KAMANNINTA

Masana tsirrai suna kiran magarya da suna Ziziphus mauritiana. Fulani suna ce mata jaaɓi. Yawancin wadda muke gani a daji gajeriya ce mai rassa da yawa, ba ta wuce mita uku zuwa shida ba. Amma ba haka halittarta ta tsaya ba. Sara da cin awaki ne suke hana ta tashi. In ta samu wuri mai kyau aka ƙyale ta, takan kai mita goma, har ta yi inuwar zama.

Rassanta sirara ne masu lanƙwasowa ƙasa. A gindin kowane ganye akwai ƙaya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya kuma lanƙwasasshiya kamar ƙugiya. Wannan ta biyun ita ce mai riƙe riga, in ka ja da ƙarfi ta yaga. Ganyen ƙarami ne mai jijiyoyi uku da suka taso daga gindinsa. Samansa kore ne mai sheƙi, amma in ka juya bayansa za ka ga fari-fari mai laushi kamar an shafa masa gari. Wannan laushin gashi ne ƙanana, kuma yana rage yawan ruwan da ganyen yake fitarwa a lokacin zafi.

Tana yin fure ne wajen ƙarshen damina. Furen ƙanana ne ƙwarai, launinsu tsakanin kore da rawaya, suna fitowa a dunƙule a hammatar ganye. Ƙudan zuma da sauran ƙwari su ne suke kai garin fure daga wannan itaciya zuwa waccan, ta haka take ɗaukar 'ya'ya. Ku riƙe wannan magana da kyau domin za mu dawo kanta: magarya tana yin fure ne a jikin sabon reshen da ya fito a wannan shekarar.

'Ya'yan suna farawa kore, su koma rawaya, daga nan su yi ja mai duhu in sun nuna sosai. Suna nuna ne da hunturu, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris. A cikin kowane ɗa akwai ƙwallo guda mai tauri, a cikin ƙwallon kuma yawanci akwai ƙwayar iri biyu.

'YAN'UWANTA

Magarya tana da 'yan'uwa biyu a ƙasarmu, kuma yana da kyau a iya rarrabe su. Ta farko ita ce kurna. Kurna ta fi magarya girma, an fi samun ta a cikin gari da bakin rijiyoyi, kuma bayan ganyenta ba shi da farin nan irin na magarya. Ta biyu ita ce magaryar kura. Ganyenta ya fi faɗi, 'ya'yanta kuma ba su da daɗin ci. Dukkansu dangi ɗaya ne. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu a ƙasar Sin wadda ta fi jure sanyi, ana busar da 'ya'yanta ana sayarwa kamar dabino.

INDA TAKE FITOWA

Ana samun magarya tun daga Senegal, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Kamaru da Chadi, har zuwa Sudan. Ana kuma samun ta a Indiya da Pakistan. Daɗewarta a ƙasarmu ya sa har garuruwa suka ci sunanta. Ga Magarya ta jihar Damagaram a Nijar, kusa da iyakar Nijeriya.

Abin da ya sa take rayuwa inda wasu itatuwa suke mutuwa shi ne saiwarta. Tun tana ƙarama take aika babbar saiwa can ƙasa neman danshi. Saboda haka tana iya rayuwa a wurin da ruwan sama bai wuce milimita 300 zuwa 500 a shekara ba. In bazara ta yi tsanani sai ta zubar da ganye ta yi kamar ta mutu, da an samu danshi kuma sai ta toho. Ba ta zaɓen ƙasa. Tana fitowa a jigawa, tana fitowa a laka, a gefen tafki, a bakin fadama, har a jikin suri. Ko ruwa ya kwanta a gindinta na ɗan lokaci ba ya kashe ta.

To, wa yake shuka ta? Awaki da shanu da tsuntsaye da yaranmu. Akuya takan haɗiye ɗan magarya, ƙwallon ya bi ta cikinta ya fito tare da taki. Shi ya sa kuke ganin ta a kan burtali da wuraren da dabbobi suke kwana. Kuma duk wanda ya taɓa sare ta ya san bayan 'yan watanni kututturen zai fito da tsiro goma ko fiye. Wannan taurin kai da muke jin haushi shi ne babbar daraja a wurinta.

AMFANINTA

Na farko, abinci. Ku lura da lokacin da magarya take nuna. Lokacin mangwaro bai zo ba, ganyayen damina kuma sun bushe. A daidai wannan tsakani ne yaranmu suke samun magarya kyauta. Binciken masana ya nuna ɗanyen ɗan magarya yana ɗauke da sinadarin bitamin C wanda yakan kai na lemon zaƙi, wani lokaci ma ya fi shi. Wannan sinadari yana taimakon dasashi da warkewar rauni, yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda yake ƙara jini. Sai dai in magarya ta bushe wani kaso na bitamin ɗin yana raguwa. Don haka a bar yara su ci sabuwa a lokacinta, a busar da ragowar domin ajiya.

Iyayenmu mata sun san yadda ake daka busasshiyar magarya a turmi a hankali, a raba gari da ƙwallo, a tankaɗe, a cura shi a yi tuwon magarya, wanda a wasu wurare ake kira akuri. A arewacin Kamaru mata suna turara irin wannan gari su kai kasuwa. Wannan sana'a ba ta yau ba ce. A shekarar 1796 Baturen nan matafiyi Mungo Park ya ratsa ƙasar da yau ake kira Mali, ya tarar mutane suna tsintar 'ya'yan irin wannan itaciya suna daka su suna yin waina mai zaƙi da suke busarwa a rana. Ya kuma ga suna jiƙa ƙwallayen a ruwa domin su samu ragowar zaƙin su dama kunu da shi. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan. Dattawan da ke nan sun tuna yunwar 1973 da ta 1984, sun san yadda 'ya'yan itatuwan daji suka riƙe gidaje da yawa kafin agaji ya iso.

Na biyu, abincin dabbobi. Awaki da tumaki da raƙuma suna son ganyen magarya, kuma yana gina jiki. Bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe ta zama kara, ganyen magarya yana nan kore.

Na uku, shinge. Kowace shekara muna sare ƙaya mu jawo ta daga nesa domin mu kewaye garka ko gonar rogo, kafin shekara ta zagayo gara ta cinye, ko a zare a yi makamashi. Amma in ka shuka magarya a jere a kan iyakar gonarka, tsakaninsu kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, cikin shekara uku ka samu shinge mai rai wanda akuya ba ta ratsawa. Yana rage ƙarfin iska, yana tare yashi, kuma yana kashe rigimar iyaka domin ba ya matsawa da dare.

Na huɗu, zuma. Furen magarya da na kurna suna fitowa ne a lokacin da sauran furanni suka fara ƙarewa, kuma ƙudan zuma yana son su. Zumar ƙasar Yemen wadda ake samu daga furen kurna tana cikin zuma mafi tsada a duniya. Mai amya ya sani in babu fure babu zuma.

Na biyar, itace. Iccen magarya yana da ƙarfi, ana yin ƙotar fartanya da ta gatari da shi, yana kuma ci da wuta sosai. Mai magarya a gona ba sai matarsa da 'ya'yansa sun yi tafiyar rabin yini neman itacen girki ba.

Na shida, wanka da magani. In aka daka ganyen magarya aka zuba a ruwa yakan yi kumfa, shi ya sa ake wanke kai da shi. Malamai sun san ya zo a hadisi cewa a yi wa mamaci wanka da ruwa da ganyen itaciyar da Larabawa suke kira sidir, wadda malamanmu suke fassarawa da magarya. An kuma ambace ta a cikin Alƙur'ani mai girma, daga nan ne ma muka samu kalmar nan ta magaryar tuƙewa. Masu maganin gargajiya suna amfani da ɓawo da saiwa domin ciwon ciki da gudawa. A nan ina da gargaɗi biyu. Yaron da yake gudawa abin da ya fi buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari da kuma a kai shi asibiti da wuri, kada a tsaya jiƙe-jiƙe har jikinsa ya bushe. Sa'an nan masu haƙar saiwa da saɓar ɓawo su ji tsoron Allah, kada su zagaye itaciya gaba ɗaya, domin yin haka kashe ta ne.

ABIN DA WASU SUKA YI DA TASU ƘAYAR

Jama'a, kusan duk abin da muke nomawa yau, a da ɗan daji ne. Kulawa ce ta mayar da shi amfanin gona. Bari in ba ku misali uku.

A Ingila da sauran ƙasashen Turai akwai wata ƙaya mai yaɗo da suke kira bilakberi. Ba dangin magarya ba ce, amma halinsu ya zo ɗaya: tana fitowa da kanta a bakin hanya da jikin shinge, tana riƙe tufafi, yara suna tsintar baƙaƙen 'ya'yanta a ƙarshen lokacin zafinsu. Masana aikin gona a Amurka suka yi ta zaɓen iri har suka fitar da wadda ba ta da ƙaya mai manyan 'ya'ya. Yau manoman ƙasar Meziko suna noma ta suna fitarwa ƙasashen waje.

Mutanen Indiya kuwa magaryar nan tamu suka yi wa haka. Sun daɗe suna zaɓen masu manyan 'ya'ya suna yi musu aure, har suka samu ire-ire masu suna kamar Gola da Umran da Seb. Ɗa guda na irin waɗannan yakan kusa kai girman ƙwan kaza, nauyinsa ya ninka na dajinmu sau goma ko fiye, ana gartsa shi kamar tuffa. Tun farkon shekarun 2000 cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi ta yaɗa waɗannan ire-ire ga manoman Nijar. A can ana kiran ta tuffar Sahel. Abin daɗin shi ne, a kan magaryar daji ake ɗaura ta. Ke nan kututturen da kake shirin ƙonewa shi ne gindin da ake nema.

Misali na uku daga Maradi ne. A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma suke sharewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne na tsofaffin kututturan da saiwarsu take da rai a ƙasa. Sai ya shiga jawo hankalin manoma su riƙa barin 'yan rassa a kowane kututture suna yi musu aski. Ana kiran wannan dabara sassaben zamani. Da farko an yi masa dariya. Amma daga baya masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar, musamman a jihohin Maradi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan biyar ta wannan hanya. A cikinsu akwai gawo da kalgo da sabara da magarya. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Waɗannan maƙwabtanmu ne, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwa.

KUKAN MANOMA

Na san wani zai ce, malam, magarya tana tare wa gero rana, ƙayarta tana sukan masu noma da shanun huɗa, kuma tsuntsaye suna sauka a kanta su ci hatsi. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta. Magaryar da aka bari ta yi cunkus a tsakiyar gona lalle tana cin wuri. Amma in aka rage ta zuwa reshe ɗaya ko biyu aka aske na ƙasa, sai ta miƙe sama, rana ta samu shiga, garma ta wuce ta gindinta. Ƙayar da aka aske kuma kada a bar ta a warwatse, a kwashe a kai shinge. Wanda gonarsa ƙarama ce ya bar tasa a kan iyaka da kusurwoyi. Maganar tsuntsaye kuwa, sun fi son itaciya mai duhun rassa, askin nan yana rage musu wurin sheƙa.

YADDA ZA MU YI

1. Kafin ka fara shara, zagaya gonarka ka ƙirga kututturan magarya masu rai. Zaɓi waɗanda za ka bari, ka ba su tazara kamar taki goma tsakaninsu.

2. A kowane kututture zaɓi reshe ɗaya zuwa uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran. Yi amfani da adda mai kaifi, ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya tsage.

3. Ɗaura wa rassan da ka bari tsumma domin 'yan ƙwadago da masu neman itace su san da mai su. Ka kewaye su da ƙayar da ka yanke saboda awaki.

4. Kada ka tara yayi ka ƙona a gindin itaciya.

5. Mai son shuka sabuwa ya zaɓi 'ya'ya daga itaciyar da aka san ta da zaƙi da yawan haihuwa. A fasa ƙwallon a hankali a ciro ƙwayar. Ƙwayar da aka ciro takan tsiro cikin mako guda, amma ƙwallon da ba a fasa ba yakan yi wata ɗaya ko fiye. In a leda aka rena ta, a dasa da wuri da zarar damina ta zauna, domin saiwarta tana saurin huda leda.

6. Mai son aure ya nemi malamin gona ko na gandun daji ya nuna masa da hannu, ya kuma taimaka masa da reshen iri mai kyau. Ana ɗaura idon ne a kan sabon reshe mai kaurin fensir. In ya kama, duk tsiron da ya fito a ƙasan wurin ɗaurin a cire shi, in ba haka ba na dajin zai rinjayi na auren. A kan kututture mai tsohuwar saiwa ana iya ganin 'ya'ya cikin shekara guda.

7. A riƙa yi wa magarya aski kowace shekara da bazara, bayan an gama tsintar 'ya'ya. Kun tuna na ce a sabon reshe take yin fure. Aski shi yake sa ta fitar da sababbin rassa masu yawa.

Kada kuma in ɓoye muku, mai aure ta fi ta daji son hidima. Tana ba da 'ya'ya sosai ne in tana samun ban ruwa bayan ɗaukewar damina, don haka ta fi dacewa da garka da fadama. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a cikin 'ya'yanta su yi tsutsa. Maganinsa na farko shi ne a riƙa tsince waɗanda suka faɗo a binne su da zurfi. In kun ga kauci a jikin reshe ku yanke reshen tun bai yaɗu ba. Sa'an nan ɗanyun 'ya'yan ba sa jure ajiya, sai a kai su kasuwa cikin 'yan kwanaki. Masu busarwa kuma su shanya a kan tabarma mai tsabta, su tabbata ta bushe sarai kafin a zuba a buhu, domin mai danshi tana yin funfuna.

KAMMALAWA

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. In ka rena itaciya shekara uku wani ya zo da dare ya sare, gobe ba za ka sake ba. Saboda haka ina roƙon ranka ya daɗe hakimi da dagatai su zauna da manoma da ardo-ardo a yi yarjejeniya: itaciyar da aka ɗaura wa alama tana da mai ita, mai son ganye domin dabbobinsa ya nemi izini, kuma a sassabi reshe kawai, kada a kayar da uwa. Makiyayi ma ribarsa ce, domin itaciyar da aka bari da rai za ta ciyar da garkensa baɗi.

Hamada tana matso mu, kowa yana gani a gonarsa. Dashen itatuwa yana da kyau, amma dashe yana son kuɗi da ban ruwa, kuma da yawa suna mutuwa kafin damina ta biyu. Magarya kuwa ta riga ta kafa saiwa, ba ta neman komai a wurinmu sai mu ɗaga mata gatari. Ina roƙon kowane magidanci da ke nan ya bar aƙalla guda biyar a gonarsa bana. In Allah ya kai mu baɗi war haka, sai mu zagaya gonaki tare mu ga abin da suka zama.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ƙwari, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.